Dokin Sukuwa ko Raƙumin Fatauci: Wace Kwamfuta Ce Ta Dace da Manazarcin Hausa?

A lokacin da nake tattara bayanan kundin digirina na biyu, na yi tafiya zuwa wani ƙauye domin ɗaukar hira da wani dattijon maƙeri a kan kirarin sana'arsu. Na tafi da wata ƙatuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da na sayo ta hannu, wadda mai shagon ya rantse mini cewa babu irinta wajen ƙarfi. Da ita nake ɗaukar maganar kai tsaye. Ba mu cika awa biyu ba ta fara huci kamar zugazugin tsohon, daga nan ta ɗauke ɗif, kuma garin ba shi da lantarki. Sauran hirar da hannu na rubuta ta. Duk wanda ya san kirari ya san abin da na yi asara, domin karin sauti da jan numfashi da inda murya ke tashi ba sa zama a takarda. Mai shagon bai yi mini ƙarya ba, kwamfutar tana da ƙarfi. Ni ne ban san irin ƙarfin da aikina yake bukata ba.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ma'aunin da muke auna kwamfuta da shi aro ne daga mutanen da wuta ba ta yanke musu. Manazarcin Hausa ya kamata ya tambayi yawan aikin da na'ura za ta yi masa da caji ɗaya a cikin zafin ƙasarmu. A kan wannan ma'auni, siraran kwamfutoci masu masarrafi mai ƙarancin cin wuta sun fi dacewa da mafi yawanmu, muddin mun san iyakarsu.

Masarrafi, wanda 'yan kasuwa ke kira furosesa, shi ne ɗan guntun da ke gudanar da dukkan lissafin kwamfuta. Duk wutar da ya ci zafi take komawa. Haka kuma ƙarin gudu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarin wuta: kafin a ƙara masa gudu kaɗan a can ƙololuwa, sai an ɗaga ƙarfin lantarkin da ke shiga cikinsa, wutar da yake ci kuwa tana hawa fiye da yadda gudun ke hawa. Wannan ne ya sa kamfanoni suka raba masarrafai aji-aji. A tsarin Intel da aka daɗe ana amfani da shi, waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin H an yi su ne a kan kimanin wat 45, masu harafin U kuwa a kan wat 15. A shekarar 2014 kamfanin ya fito da Core M mai wat 4.5, wanda ba ya bukatar fanka. Lissafin a fili yake. Batirin siririyar kwamfuta yakan ɗauki abin da ya kai wat 50 na tsawon awa guda. Na'urar da ke jan wat 5 gaba ɗayanta za ta yi awa goma da shi, wadda ke jan wat 25 kuwa awa biyu kacal.

Dole a yarda cewa mummunan sunan da ƙananan masarrafai suka yi yana da tushe. Wanda ya yi amfani da 'yan ƙananan kwamfutocin da suka cika kasuwa daga 2008, masu masarrafin Atom, ya san yadda ake jiran shafi ya buɗe har a gaji. Sai dai al'amarin ya sauya. A 2011 kamfanin ARM ya gabatar da dabarar haɗa cibiyoyi iri biyu a masarrafi guda, manya domin aiki mai nauyi, ƙanana domin aikin yau da kullum, kuma a wayoyin hannu aka fara cin moriyarta. A watan Nuwamba na 2020 Apple ya kawo ta cikin kwamfutocinsa da masarrafin M1 mai cibiyoyi takwas, huɗu na ƙarfi huɗu na tattali, ya sa shi a MacBook Air wadda babu fanka a cikinta ko ɗaya. Intel ya bi sahu da zuriyarsa ta 12, wadda ita ma ta haɗa cibiyoyi iri biyu. A 2024 Qualcomm ya fito da Snapdragon X domin kwamfutocin Windows. A yau siririyar kwamfuta tana yini guda tana aikin rubutu ba tare da an nemi soket ba, kuma ba ta sa mai ita jira.

To, wane aiki muke yi da kwamfuta? Mu duba da gaskiya. Muna rubuta kundi da maƙala, muna karanta littattafan da aka mayar hoto, muna binciken ƙamusun Bargery a intanet, muna sauraron hira muna kwafe ta a manhajar ELAN, muna auna karin sauti da tsawon wasali a Praat, muna tsara kalmomi a FLEx. Kusan dukkan waɗannan ayyuka ne na tsaya-ka-ci-gaba. Masarrafin ya yi ɗan yunƙuri na daƙiƙa guda, sannan ya zauna yana jiran yatsun mutum. Mai kwafe hira yakan shafe awanni a kan magana ta rabin awa, kuma a duk tsawon lokacin kunnensa ne ke wahala, na'urar hutawa take yi. Sayen babban masarrafi domin irin wannan aiki daidai yake da ɗaure dokin sukuwa a tafiyar fatauci. Zai ci dawa da yawa, ya gaji kafin zango, alhali raƙumi yana can yana tafiyarsa.

Yanayinmu ya ƙara wa hujjar nauyi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta domin a yi rubutu ya fi ƙarfin yawancin ɗaliban manyan digiri. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe sama da mako guda cikin duhu. A irin wannan hali, kwamfutar da ake cajawa da ƙaramin faranti na sola ko batirin aljihu ta kafar USB-C ita ce ke raba wanda ya miƙa babinsa a kan lokaci da wanda ya je ba da haƙuri wurin mai duba aikinsa. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke toshe fanka har na'ura ta riƙa ɗaukar zafi. Wadda ba ta da fanka ba ta da wannan ciwon. Akwai ma wata fa'ida da mai nazarin sauti kaɗai zai gane, wato shiru, domin ƙugin fanka yana shiga cikin abin da aka ɗauka.

Amma ba zan ɓoye inda siririyar kwamfuta ke gazawa ba, domin a nan ne masu suka suke da gaskiya. Masarrafin zamani yana iya zabura fiye da ƙa'idarsa na ɗan lokaci. Idan aikin ya ɗore, jikin na'urar ya cika da zafi, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Siririn jiki ba shi da wurin zubar da zafi, saboda haka ya fi saurin ja da baya. Gwaje-gwajen da ake yaɗawa a intanet da yawansu gajeru ne, kuma a ɗakuna masu sanyi ake yin su. Apple da kansa ya ƙayyade cewa a yi amfani da kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, alhali a Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40 ko ya wuce. Ke nan alkaluman da muke karantawa ba a ofisoshinmu aka samo su ba. Wanda ke tace bidiyon fina-finan Kannywood domin nazari, ko yake so ya ɗora babban samfurin Whisper, manhajar mayar da magana rubutu da OpenAI ya saki a 2022 wadda Hausa ke cikin harsunanta, zai ga siririyar kwamfutarsa ta yi laushi bayan 'yan mintoci. Irin wannan aiki na babbar kwamfutar tebur ne, kuma a ganina sashe ne ya kamata ya mallake ta, kowa ya riƙa zuwa da nasa aikin, maimakon kowane ɗalibi ya riƙa saɓa nauyi a kafaɗa saboda aikin da zai yi sau biyu a shekara.

Matsala ta biyu ita ce dacewar manhaja. Masarrafan Apple da Qualcomm tsarin ARM suke bi, alhali yawancin tsofaffin manhajojin Windows an rubuta su ne domin tsarin Intel da AMD. Akwai dabarun fassara umarni tsakanin tsarin biyu, kuma suna aiki a mafi yawan lokaci, amma direbobin tsofaffin firintoci da na'urorin ɗaukar hoton takardu ba sa bin wannan hanya. FLEx kuwa ba shi da sigar Mac. Mai aikin ƙamus da ya zuba kuɗinsa a kan MacBook bai bincika ba zai sha mamaki. Kafin a saya, a tabbatar cewa manhajar aiki da madannin da ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ suna tafiya a kanta.

Ta uku ita ce gyara. Domin a sirantar da jiki, akan narka ma'adanar wucin gadi, wato ram, a jikin allon na'urar, a wasu ma a haɗe take da masarrafin. Abin da ka saya da shi za ka zauna, babu ƙari. Idan allon ya lalace, mai gyaran unguwa ba shi da abin yi sai canza shi ɗungurungum. Saboda haka wanda zai iya ya nemi gigabait 16 tun farko, kada kuma ya yarda da ƙasa da 8, ya kuma riƙa ajiye kwafin hirarrakinsa a wani wuri dabam.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne a ɗauki araha a matsayin tattalin wuta. Kasuwanninmu cike suke da sababbin siraran kwamfutoci masu ƙyalli, da masarrafin Celeron da ram na gigabait 4. Waɗannan ba sa cin wuta, gaskiya ne, amma ba sa yin aiki ma, araha kuwa ba ta ado. A ɗaya ɓangaren ga tsofaffin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, ana tallata su da sunan i7 kawai. Wannan suna ya ratsa zuriya fiye da goma, kuma i5 na baya-bayan nan yakan shige i7 na shekaru goma da suka wuce. Bugu da ƙari, Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, Windows 11 kuwa a hukumance ba ya karɓar yawancin masarrafan Intel da suka girmi zuriya ta 8. Ɗalibin da ya tara kuɗin alawus ko ya ci bashi ya sayi irin wannan, ya sayi batirin da ya riga ya tsufa da na'urar da aka rufe wa ƙofa.

Saboda haka ina kira ga malamanmu da ke shugabantar sassa da cibiyoyin nazarin harsuna, da kwamitocin da ke sayen kayan aiki, su sauya tambayar da suke yi wa 'yan kwangila. A tambayi zuriyar masarrafi da ajinsa na cin wuta, da girman batir, da yawan ram. In da hali a gwada na'urar a ofis da tsakar ranar bazara, ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, a buɗe ELAN da sautin awa guda a ga inda za ta kai. Ya kuma dace darasin dabarun bincike ya ware ko da awa ɗaya a kan kayan aikin fita fili, kamar yadda ake koya mana tsara tambayoyi. A nan za a faɗa wa ɗalibi abin da ban samu wanda ya faɗa mini ba: ya ɗauki hira da ƙaramar rikoda, ya bar kwamfuta ga aikin kwafewa.

Tsofaffin da ke riƙe da kirari da tatsuniya da tarihin garuruwanmu suna ƙauyukan da lantarki bai kai ba, kuma kullum raguwa suke yi. Ni dai na koma ƙauyen maƙerin nan bayan damina da kayan aikin da suka dace, sai na tarar rashin lafiya ta riga ta taɓa masa harshe. Abin da ya rage mini na kirarinsa shi ne awa ɗaya da 'yan mintoci na muryarsa, da wasu shafuka na rubutun hannuna.