Rikicin Turawa A Kan Wakilin Suna

Fiye da shekara ɗari biyu da hamsin ke nan malaman nahawun Ingilishi suna ja-in-ja a kan wata 'yar ƙaramar kalma, kuma har yau tsugune ba ta ƙare ba. Turanci yana da wakilin suna "he" domin namiji, da "she" domin mace, da "they" domin jam'i. To, idan ana zancen mutum ɗaya wanda ba a san ko mace ne ko namiji ba, kamar wani da ya manta da jaka a mota, da wace kalma za a ambace shi?

Talakawan Ingila dai tun tuni suka yanke hukunci. Tun wajen 1375 ake samun "they" a rubuce tana wakiltar mutum ɗaya, kuma manyan marubuta irin su Shakespeare da Jane Austen sun yi amfani da ita haka. Amma cikin 1745 wata malama mai suna Ann Fisher ta rubuta a littafinta na nahawu cewa "he" ta ishi namiji da mace duka. Cikin 1850 kuwa Majalisar Dokokin Ingila ta zartar cewa duk inda doka ta ambaci namiji, to har da mace ake nufi.

Ruwa ba ya tsami banza. Cikin 1868 dubban matan birnin Manchester suka nemi a ba su ikon jefa ƙuri'a bisa wannan doka, sai kotu ta ce a nan kam maza kaɗai ake nufi. A Amurka ma, da aka kama Susan B. Anthony saboda ta jefa ƙuri'a cikin 1872, hujjarta ita ce, in dai "he" ta haɗa da mata wajen biyan haraji da shan hukunci, lalle ta haɗa da su wajen zaɓe. Duk da haka aka ci ta tarar dala 100. Wannan ya sa mata da yawa suka daina amincewa da waccan ƙa'ida.

Waɗansu sun gwada ƙirƙiro sabuwar kalma. Wani lauya Ba'amurke, Charles Converse, ya kawo "thon", har ta shiga ƙamus na Webster cikin 1934, amma da ba a sami masu furta ta ba sai aka cire ta cikin 1961. Ita kuwa "they" sai ƙara ƙarfi take yi. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya yarda da ita a waɗansu wurare cikin 2017, sa'an nan ƙamus na Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara cikin 2019.

Amma fa magana biyu ce a nan. Ta farko ita ce ambaton wanda ba a sani ba, wannan kuwa tsohuwar al'ada ce. Ta biyu ita ce kiran sanannen mutum da "they" domin ya ce shi ba namiji ba ne ba kuma mace ba. Wannan sabon abu ne, kuma a nan gardama ta fi zafi, domin ta wuce nahawu ta shiga aƙida da siyasa.

Masu cewa jam'i ba ya zama tilo sun manta cewa "you" ma jam'i ce a da, tilonta "thou". Cikin 1660 George Fox da abokansa sun wallafa littafi sukutum suna sukar masu kiran mutum ɗaya da "you", amma yau wa yake tunawa da su? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Bahaushe ma yakan ce wa dattijo ɗaya "ku" domin girmamawa, ba wanda ya ce ya ɓata Hausa.

Saboda haka, malamin Turanci da ya ga "they" a takardar ɗalibinsa tana wakiltar wanda ba a sani ba, sai ya dakata kafin ya ja mata jar tawada. Majalisa ta yi doka, malamai sun yi ƙa'ida, amma a bakin jama'a harshe yake zaune.