Kwat ba ta kai mutum kujerar manya

Ana ta yaɗawa a TikTok wai idan an sayar da tikiti fiye da kujerun jirgi, ka saka kwat ka yi murmushi, sai a mai da kai ɓangaren manya kyauta. Jama'a, a farka. Idan tikitin KLM ka saya amma jirgin Air France za ka hau, Air France ke yanke hukunci, kuma kwastomominsu masu katin zinare da masu tikiti mai tsada ake fara dubawa. Kai mai tikitin rangwame, abin tsoron shi ne a ce babu kujera. Don haka ka tabbatar da kujerarka da wuri ta intanet. In aka bar ka a filin jirgin Tarayyar Turai, dokar 2004 ta ba ka diyyar Yuro 250 zuwa 600. Ita za ka nema.