Ra'ayinmu: Kafin A Rataya Bashi A Bango

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a da idan mata suka je ganin ɗakin amarya, kwalla da tasoshi suke ƙirgawa, daga baya aka koma duban gado da kujeru. Yanzu kuwa bango ido yake fara nema, tambayar farko kuma ita ce: inci nawa ne? A wasu garuruwa uban amarya ake ɗora wa sayen wannan akwati, a wasu kuma ango, amma ko ina aka juya wuyan talaka ne yake ɗauka. Abin ma bai tsaya ga aure ba, domin magidanci mai 'ya'ya goma yakan hana idonsa barci don maƙwabcinsa ya rataya babban talabijin a falo, shi kuma yana nan da tsohon mai ƙusumbi.

Mu ba mu cikin masu cewa akwatin kansa haram ne. Kayan aiki ne, hukuncinsa yana bin abin da aka yi da shi. Duk wanda ya san yadda tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya riƙa fita daga Masallacin Sultan Bello ta gidan rediyon Kaduna, yana shiga ƙauyukan da malami bai taɓa takawa ba, ba zai raina na'urar watsa labarai ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda Musulmi yake sayen lambar da bai fahimta ba, da kuɗin da ba nasa ba, domin idon mutanen da ba za su taya shi biya ba.

Wannan zazzaɓi ba yau ya fara kama mu ba. An buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962. Dattawanmu suna tune da kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ma'aikata suka karɓi ariyas a dunƙule, aka yi ta rububin rediyo da talabijin da babur, kafin a farga kasuwa ta haɗiye ƙarin. Sai dai na wancan zamani kuɗi ne ya shigo hannu aka ɓarnatar. Yau ba abin da ya shigo. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki Naira a watan Yuni na shekarar, Dalar da gwamnati take sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kayan lantarki kuwa kusan duk da Dala ake shigo da su ko da sassansu. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne, babban talabijin guda na kamfani sananne kuwa yana lashe irin wannan albashi na watanni da dama.

To, mene ne ma ake saye? Hoton talabijin ƙananan ɗigo ne aka jera, kamar saƙar tabarma. Hoton da muka saba da shi tun zamanin eriya yana da ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, wato wajen 415,000. Wanda ake kira HD yana farawa daga 1280 sau 720. Mai cikakken HD yana da 1920 sau 1080, ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Shi kuwa 4K, wanda 'yan kasuwa suka fi ɗaga murya a kansa, 3840 ne sau 2160, wajen miliyan takwas da dubu ɗari uku.

Abin da mai shago ba zai faɗa maka ba shi ne, akwatin ba ya ƙirƙirar hoto, abin da aka zuba masa yake nunawa. Da yawa daga cikin tashoshin da jama'armu suke kamawa kyauta ta farantin satalayit, har da na wa'azi da na finafinan Hausa, da tsohon ma'aunin nan suke watsa shirinsu. Idan ka zuba hoto mai ɗigo 415,000 a fuska mai ɗigo miliyan takwas, ɗaya cikin ashirin kawai tashar ta aiko, sauran sha taran na'urar ce take cikewa da kintace. Shi ya sa mutum yakan ga hoto tangaran a shago, ya kai gida ya tarar da fuskokin mutane sun yi dishi-dishi, ya ɗauka an musanya masa kaya. Ba a musanya ba. A shago wani ɗan fim na musamman suke kunnawa, wanda kamfanin ya shirya domin talla. Haka kuma wanda ya haɗa dikodarsa da tsohuwar wayar nan mai kai rawaya da fari da ja, ko da ya biya kuɗin tashoshin HD ba zai gan su a HD ba, sai da wayar HDMI da dikodar da ta dace. Ita kanta ƙasar ta kasa cika wa'adin da aka yi wa ƙasashe na komawa watsa shiri na dijital a watan Yunin 2015, sai a 2016 aka fara gwaji a Jos.

Wanda ya ce shi ta intanet zai kalli 4K ɗinsa, sai ya tanadi data, domin irin wannan hoto yana iya shan wajen gigabait 7 a awa guda.

Sannan ga idon ɗan Adam, wanda Mahalicci Ya yi masa iyaka. A talabijin mai inci 55, da zarar mai kallo ya ja baya fiye da mita biyu da 'yan kai, lafiyayyen ido ba ya iya tantance yawan ɗigon 4K daga na cikakken HD. A mai inci 43 kuwa tazarar ba ta ma kai mita biyu ba. Ka auna daga bangonka zuwa inda kake shimfiɗa darduma ka zauna da iyali, sai ka san ko idonka zai ci moriyar ƙarin kuɗin ko kuwa kwalin ne kawai zai ci.

Sunayen ma ruɗu ne. Jama'a har yanzu suna kiran duk wani talabijin shafal da filasma, alhali manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma tun 2014. Abin da ake kira LED gilashin LCD ne da aka haska da ƙananan fitilu ta baya, QLED ma ɗan'uwansa ne da aka ƙara wa kyan launi. OLED ne ya bambanta, domin kowane ɗigo nasa yake ba da haskensa, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma tambarin tashar da ya daɗe a kusurwa guda yana iya barin tabo a fuskarsa. Su kuwa lasifikokin nan da ake jibgewa a falo, idan ka ga an rubuta dubban wat a kwalinsu tare da haruffan PMPO, lambar talla ce. Ma'aunin da ake dogaro da shi shi ne RMS, kuma sau da yawa ɗan ƙaramin yanki ne na waccan. Mu dai da za a ji tamu, da an bar su gaba ɗaya, domin maƙwabci yana da hakki, ga mara lafiya, ga mai tashi sallar dare.

Sai maganar wuta. Ƙaramin talabijin mai inci 32 yakan ja wat 30 zuwa 50, babba mai inci 65 kuwa yakan haura 100, ban da dikoda da lasifika. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit, a watan Oktoban shekarar kuma jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda a duhu. Wanda zai tayar da janareta ya lissafa mai, wanda zai dogara da sola ya lissafa batir. Kuma wutar da take dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da tsawar damina da take bin wayar faranti ta shigo ɗaki, ba sa tambayar ko an gama biyan bashin akwatin kafin su ƙona shi. Duk wanda ba shi da rarar kuɗin sitabilaiza da na'urar kariya, to kuɗinsa bai kai na talabijin ɗin ba tukuna.

Ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa muna da magana, kuma ba za mu sassauta ba. Manna sunan babban kamfani a jikin kayan da ba nasa ba ha'inci ne. Kiran inci 40 da sunan 43 tauye mudu ne, babu bambanci tsakaninsa da na mai awon hatsi. Sayar da gyararre a matsayin sabo ɓoye aibi ne, Shari'a kuma ta ba mai saye zaɓin mayar da kayan da ya tarar da tsohon aibi a cikinsu. Shi kuma mai saye ya tafi da tef ɗin awo. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna fuskar, ban da firam: inci 32 santimita 81 ne, 43 kuwa 109, 55 kuma 140. A kunna a gabansa, a nuna masa farin hoto zalla da baƙi zalla don mataccen ɗigo ya bayyana, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar akwatin da takardar garanti. Mai sha'awar na hannu da aka kwaso daga Amurka ya sani cewa na'urar kama tasharsa ba irin ta ƙasar nan ba ce, wasunsu kuma don wuta mai ƙarfin 120 aka yi su, tamu kuwa 230 ce.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyinsa. Mafi yawan malamai sun halatta sayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan ko da farashin ya ɗara na hannu da hannu, matuƙar an yanke farashi guda da wa'adi sananne tun wurin ƙulla ciniki. Abin da ba su halatta ba shi ne ƙarin da ake ɗorawa idan an yi jinkiri, da rancen kuɗi da ruwa irin wanda manhajojin waya suke tallatawa. Wannan riba ce, ko da wane suna aka yi mata ado. Kai uban amarya, wa ya wajabta maka? A mazhabar Malikiyya abin da aka nema ga mace shi ne ta yi jere da sadakin da ta karɓa gwargwadon al'ada, ba a ɗora mata fiye da shi ba, ba a kuma ɗora wa mahaifinta sayar da gona ba. Yau ga 'yan mata sun isa aure, ga manema, an tsaya jiran kayan bango. Wallahi wannan zalunci ne da muke yi wa kanmu, kuma iyaye mata masu zuwa ganin ɗaki su dawo da rahoto suna da babban kaso a ciki.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a kwali ba. Talabijin ɗin da ake kira mai wayo kwamfuta ce, da zarar an haɗa shi da intanet ya zama ƙofa mai buɗewa ciki da waje. A 2017 hukumomin Amurka sun ci kamfanin Vizio tarar Dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan abin da ake kallo a akwatuna miliyan 11 ba da yardar masu su ba. Abin da ke fita ke nan. Abin da ke shigowa kuwa ba ya jiran sallama, domin a da tashar gwamnati takan rufe da dare kowa ya kwanta, yanzu YouTube ba ya rufewa, kuma yaro ɗan shekara bakwai ya fi ubansa sanin rimot. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, wadda ba wa'azi take yi ba, ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa guda a yini.

Don haka muna kira ga limamai su taɓo wannan a huɗuba kafin lokacin bukukuwa, ga waliyyai kuma su riƙa faɗa wa dangin juna a fili tun ranar sa rana cewa ba a neman talabijin a jere. Wanda Allah Ya hore masa ya saya da halalinsa, daidai faɗin ɗakinsa da ƙarfin wutarsa, ya ajiye shi a inda kowa yake gani, ba a ɗakin yara ba. Ranar da mai haɗawa ya zo, kada maigida ya bar shi da yara ya fita. Ya tsaya a kansa har a kashe sashen da ke tattara bayanan kallo, a toshe tashoshin da bai yarda da su ba, a canza lambar sirrin da akwatin ya zo da ita daga kamfani, domin galibi sifili huɗu ce ko 1234, yaran unguwa kuma duk sun san da haka.