Kukan ba daga Faransa ya zo ba

Duk sa'ad da aka tayar da zancen cin zarafin mata a ɗakin malamai, sai wani ya gyara zama ya ce: «Ai wannan kayan Nasara ne, daga Faransa aka yo mana dakonsa.» Na gaji da jin wannan magana, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Hadijatu Mani ba a Paris aka haife ta ba, ƴar jihar Tawa ce. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240, ta zama wahayya: ba sadaki, ba ɗaurin aure, sai aiki da bulala da shimfiɗar maigida. Da ta samu takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata wata shida, wai ta yi aure kan aure! Ƙungiyar Timidria, ta ƴan ƙasa, ta tsaya mata har zuwa 27 ga Oktoba 2008, ranar da kotun CEDEAO ta zauna a Yamai ta ɗora wa gwamnati laifin rashin kare ta, ta ce a biya ta miliyan 10. Wane Bature ne ya koya wa wannan baiwar Allah cewa duka yana da zafi?

Masu fakewa da addini kuwa, su tuna cewa a Maratta, cikin ƙasar nan tamu, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya caccaki malaman da ke barin matansu da ƴaƴansu cikin duhun jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u ce ta kafa ƴan taru don karantar da matan karkara. Shin su ma ƴan koren Nasara ne?

A 2006 majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo. A 2011 aka jingine daftarin dokar iyali saboda hayaniya. To, mun ji, kun ƙi. Ina naku? Wanda ya ce tuwon maƙwabci bai yi ba, ai sai ya ɗora tukunyarsa.

Amma mu masu fafutuka ma da namu laifi. Taro a otal-otal na Yamai, jawabi da Faransanci, a raba riguna da kuɗin zama, a watse. Mai dukan matarsa yana can Gidan Rumji bai ma san an yi ba. Makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram a ƙarshen shekarun 2000 ta fi mu dabara: magidanta ne ke zama da magidanta, da Hausa, har su yarda matansu su je awo. Namiji ba ya sauya ra'ayi don an kunyata shi a bainar jama'a, sai in tsaransa ne ya yi masa magana.

Tun Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙofar da Hadijatu ta ƙwanƙwasa ta rufe. Saura kotunanmu, da masallatanmu, da azuzuwanmu. Akwai dokar Disamban 2017 mai kare karatun ƴaƴa mata, amma malamai nawa suka taɓa karanta ta? Bara, bayan hutu, wata ɗalibata mai shekara 14 ba ta dawo ba. Na yi kiran sunanta kwana uku, sannan na ja layi a kansa. Gidansu kuwa ban je ba.