Na'urar damtse: kuɗi mai yawa don ƙaramar tsoka

A yawancin gidajen motsa jiki na kuɗi akwai wata na'ura da ake girkewa daura da madubi. Kujera ce mai matashi a gaba, inda mutum zai ɗora damatsansa, ya kama mariƙi, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya saki, ya sake lanƙwasawa. Iyakar aikinta ke nan. Tana cin wuri, tana cin kuɗi, kuma duk mai gidan da ya saye ta kafin ya tanadi sandunan ƙarfe da ƙwararren mai horarwa ya fifita ado a kan lafiyar mutanen da ke biyansa kuɗin wata.

Tsokar da aka ƙera na'urar dominta ita ce ta gaban damtse, wadda likitoci ke kira bisef saboda kai biyu gare ta. Tana lanƙwasa gwiwar hannu, tana kuma juya tafin hannu ya kalli sama. A ƙarƙashinta akwai wata tsokar, birakiyalis, wadda ke ɗauke da kaso mai tsoka na aikin lanƙwasawar ko da yake ido ba ya ganinta. Tsokar bayan damtse kuwa ta fi ta gaban girma. Idan aka kwatanta da tsokokin cinya, ɗuwawu da baya, waɗanda ke tashe da mutum daga zaune kuma suke ɗaukar masa kaya, ta gaban damtse ƙarama ce ƙwarai. Darajarta a kasuwa ta samo asali ne daga wurin da take zaune: ita ce ke fitowa a madubi da hoto.

Tarihin na'urar ya nuna haka. Likitan nan na Suwidin, Gustav Zander, ya buɗe cibiyarsa ta na'urorin motsa jiki a Stockholm a 1865 da nufin jinya da gyaran jiki. Bayan shekara ɗari, a 1965, Larry Scott ya zama zakaran farko na gasar Mr. Olympia a Amurka, kuma damatsansa suka sa benci mai gangaren matashi ya yi suna har ake kiran atisayen da sunansa. A 1970 Arthur Jones ya baje kolin na'urarsa ta Nautilus a gasar Mr. America a jihar Kalifoniya. Na'urar damtse ta yau 'yar waɗannan biyun ce: matashin Scott da faifan Jones. Daga fagen gasar nuna ƙwanji ta fito, inda alƙalai ke auna siffa, sannan aka tallata ta ga ma'aikacin ofis da ke fama da ciwon baya.

Hujjar masu ƙera ta tana da tushe, kuma ya kamata a saurare ta. Idan mutum ya ɗaga ƙarfen hannu, nauyin ya fi tsananta ne lokacin da hannun ya miƙe daidai da shimfiɗar ƙasa, sannan ya yi sauƙi a farkon ɗagawa da ƙarshenta. Jones ya sa faifai mai lanƙwasa irin ta katantanwa domin nauyin ya riƙa sauyawa gwargwadon ƙarfin tsoka a kowane mataki. Dabara ce mai kyau a takarda. Sai dai an zana faifan ne bisa matsakaicin jiki, kuma ba ya aiki yadda aka tsara sai gwiwar hannu ta yi saiti da wurin da na'urar ke juyawa, abin da mai amfani da ita ba kasafai yake dubawa ba. Uwa uba, binciken da ya kwatanta na'urori da ƙarafan hannu bai samu bambanci na a zo a gani ba wajen girman tsoka. Na'urar ba ta gaza ba, amma ba ta fi ba, alhali farashinta ya ninka na ƙarafan sau da yawa.

Me ya sa ake sayenta? Saboda tana sayar da rajista. Mai neman shiga yana leƙowa, ya ga jerin ƙarafa masu sheƙi da tambarin Technogym ko Life Fitness, ya gamsu cewa wurin ya cika. Na'urar kuma tana rage buƙatar ma'aikata, domin hoton da aka manna a jikinta ya isa bayani, alhali koya wa mutum tsugunawa da nauyi a kafaɗa yana buƙatar mai horarwa da za a biya albashi. Ribar ta mai gida ce. Mai biyan kuɗin wata zai shafe watanni yana gina damtse a kan siraran ƙafafu.

A Kano, Kaduna ko Abuja lissafin ya fi muni. Irin waɗannan na'urori daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki naira ga kasuwa a watan Yunin 2023 farashin kayan waje ya yi tashin gwauron zabi. Ranar da igiyar ƙarfen ta tsinke, na'urar za ta zama wurin rataye tawul har sai an samo kayan gyara. Sandar jan jiki kuwa mai walda na unguwa zai haɗa ta, kuma jan jiki sama yana aikin baya, kafaɗa, damtse da riƙon hannu a lokaci guda.

Na'urar tana da gurbinta. Mai murmurewa daga rauni, dattijon da riƙonsa ya yi rauni, da ɗan gasar da ya gama manyan atisaye yake neman ƙari, duk za su amfana da ita. Gurbin nan na ƙarshen jerin sayayya ne, bayan an biya manyan buƙatu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya su yi atisayen ƙarfafa dukkan manyan rukunonin tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Da wannan ma'auni ya kamata mai shirin biyan kuɗi ya auna gidan motsa jiki. Ya ƙirga wuraren tsugunawa da nauyi, ya duba sandunan jan jiki, ya tambayi wanda zai gyara masa tsayuwa idan ya karkace. Idan aka amsa masa da nuna na'urar damtse, ya riƙe kuɗinsa ya nemi wani gidan.