Kafin ka fito da sarauniya, gyara wa dokinka wurin tsayuwa

Wataƙila kana cikin waɗanda suka sauke Lichess ko Chess.com a waya bayan Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga darar ces a dandalin Times Square na New York a Afrilun 2024. Madalla. Amma in a gajerun bidiyon TikTok kake koyon buɗe wasa, akwai gyara. Abin da suka fi nuna maka shi ne tarkon cinye wasa cikin motsi huɗu: ka tura sojan gaban sarki, ka fito da sarauniya zuwa h5, bishop zuwa c4, sai ka kai hari f7.

Tarkon nan sabon shiga kawai yake kamawa. Wanda ya ɗan iya zai kare e5 da dokinsa a c6, ya tura soja g6 ya kori sarauniyar, sannan ya ajiye ɗaya dokin a f6. Shi ya shirya rundunarsa, kai kuwa sarauniyarka tana ta yawo. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Shawarata ita ce ka bar haddar tarko, ka koyi inda soja da doki suke tsayawa. Gidaje huɗu ne zuciyar allo: e4, d4, e5 da d5. Fara da tura soja zuwa e4 ko d4. Motsin nan ɗaya ya kama tsakiya, ya kuma buɗe wa bishop hanya.

Sai doki. Ɗan ƙirga da kanka: doki a f3 yana iya kaiwa gida 8, a h3 na gefe gida 4 kacal, a kusurwa kuwa 2. Wato in ka kai shi gefe, rabin ƙarfinsa ka zubar. Shi ya sa f3 da c3 suka fi dacewa da mai farare, f6 da c6 da mai baƙaƙe. Sai dai in da d4 ka buɗe, yawanci gara ka tura sojan c zuwa c4 tukuna, kada doki ya tare masa gaba.

Ka kuma tuna soja ba ya komawa baya. Duk wanda ka tura ya bar gurbi har ƙarshen wasa. Mafi haɗari shi ne sojan f, don sarki kaɗai ke kare gidan f2 a farko. Mai farare da ya buga f3 sannan g4, in abokin karawarsa ya riga ya tura e5, sarauniya na sauka h4 wasa ya ƙare, a motsi biyu.

Za ka ce ai tarko yana kawo nasara. Gaskiya ne, na ɗan lokaci. Da zarar makinka ya hau, za ka haɗu da waɗanda suka san maganinsa, kai kuma ba ka da wata dabarar. A wasanninka goma masu zuwa, kada ka taɓa sarauniya sai dawakanka biyu sun fito, sarkinka ya koma bayan sojojinsa.