Mai kiɗa da mai motsa baki

Ya kai mai karatu, yau maganar kiɗan lantarki za mu yi. Ka san shi. Ya shiga gidajen matasa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, ya shiga gidajen buki har ƙauye. Saurayi guda ya zauna gaban piyano mai aiki da wuta, ya fiddo muryar ganga da sarewa da goge, shi kaɗai.

Wasu dattawa sun ce wannan ba kiɗa ba ne. Ni ban yarda ba. A Yamai akwai Mamman Sani. A 1974 ya samu piyanon lantarki ƙirar Italiya, mai suna Orla. Ya ɗauko waƙoƙin Bororo da na Buzaye ya kaɗa da shi. A 1978 aka ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa. Shekara da shekaru ana jin shi tsakanin shirye-shirye. A 2013 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fiddo kiɗan a faifai, har ya je wasa Turai. Da yatsunsa yake kiɗa. In ya yi kuskure, kunnenka zai ji. Wannan makaɗi ne, kamar mai kalangu.

Faɗana da wasu ne daban. Ga yadda suke yi. Mawaƙi ya je ɗakin ɗaukar murya, ya yi waƙarsa. Inda muryar ta karkace, kwamfuta ta miƙe ta. Sai a zuba waƙar cikin ɗan kati, bai kai farcen babban yatsa ba. Ran wasa a sa katin cikin na'ura, a danna. Shi ko gogan ya riƙe abin magana, yana motsa baki, yana tsalle. Kai kuma ka biya kuɗin shiga, har kana liƙa masa kuɗin geron da ka sayar!

Wannan cuta ce. Waƙar nan tana cikin wayar ɗanka, kyauta. Me ka saya ke nan? Kuma saboda kati ya fi arha, mai buki ya daina kiran makaɗan gari. Mai kalangu yana zaune gida. Mai ɗaure ganga ya rasa aiki. Yaransu sun ƙi koyo, don ba abinci a ciki.

In ka je wasa, buɗe ido. Dubi hannun mai piyano: yana tafiya tare da abin da kake ji? Dubi mawaƙi: mutum ya yi ta tsalle, amma muryarsa ba haki ko kaɗan?

In kana son ka tabbatar, tashi ka ce ya sa sunan garinku da na maigari cikin waƙar. Makaɗin gaskiya nan take zai sa, har ya ƙara da sunan kakanka. Mai kati sai ya ce ka jira wata waƙar.